Kazar da Muka Kifa wa Kwando

Godiya ta tabbata ga Allah da ya miƙar da Innarmu a kan ƙafafunta, bayan mu 'ya'yanta mun kusa kwantar da ita gaba ɗaya saboda tsabar so. Ni Sa'ade, ɗiyarta, ni na yi jinyar tun daga ranar da ta faɗi har ranar da ta tashi. Na ga ya kamata in rubuta yadda aka yi, don wanda tsohonsa ya karye ya san abin da zai kama da abin da zai saki.

Wanda bai san Inna ba ba zai gane girman abin ba. Mai daddawa ce a Sheme, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta zaune da rana ba sai in sallah take. Da safe ta ɗora faranti a ka ta bi gida-gida. Ta san wadda ta haihu, ta san wanda ya dawo daga ci-rani, ta san akuyar wa ta ci shukar wa. Tun da Baba ya rasu muke fama da ita ta zauna ta huta. Yaya Lawal, da ke sayar da hatsi a Kankara, ya ce zai ɗauke mata komai. Ta ce mani, "Ki faɗa ma yayanki ya ɗauke ma matarsa, ni ban gaji ba." Ba ta kama sunansa don ɗan fari ne, amma wannan bai hana ta aika mashi da baƙar magana ta bakina.

Ruwan farko ya sauka, sai Inna ta tuna da irin kuɓewarta da ta saƙale a azarar ɗakin girki. Gidan aurena kusa yake, da ta ɗaga murya zan ji. Ba ta kira ba. Ta kifa turmi ta hau, turmi ya mirgina, ta sauko da ƙafar hagu a lanƙwashe ƙarƙashinta. Da na shigo na same ta zaune a ƙasa, ƙwaurin ya karkace, zufa na zuba, amma kuɓewar na hannunta ba ta saki ba. Abin da ta fara ce mani shi ne, "Kada ki tara mani mutane." Na fita na tara su.

Nan take aka rabu biyu. Yaya Lawal a waya yana cewa asibiti, maƙwabta suna cewa a asibiti yanke ƙafa ake yi. Inna ta raba gardamar, ta ce a kira mata Baba Nomau. Shi abokin Babanmu ne tun suna samari, daga wata unguwar Maguzawa da ke kan hanyar Kankara. Yanzu coci yake zuwa, amma bai bar ɗorin da ya gada ba, kuma da wuya ka sami gida a kewayenmu da bai taɓa ɗaure ma wani hannu ko ƙafa ba.

Ya shigo yana dariya tun daga zaure. "Matar aboki, me kika hau nema a sama? Ai Aljanna ba ta turmi ake hawanta ba."

"Sarkin ɗori, yi abin da ya kawo ka," in ji Inna.

Ya sa ni na riƙe ta ta baya, ya ja ƙafar har na ji ƙashi ya koma gurbinsa. Wallahi ni na yi ihun, ita salati kawai ta yi ta ƙara da zagin turmi. Ya shafa man kaɗe, ya jera tsagaggen kara, ya naɗe da tsumma. Sai ya ce a kamo mashi kaza daga cikin kajin gidan. Na kamo wata sagara wake-wake da ba ta fara ƙwai ba. Kafin in tambayi me za a yi da ita, ya riƙe ƙafarta ta hagu, ƙas, ya karya. Ya ɗora ta da 'yan tsinkaye da zare, ya shafa mata man da ya shafa ma Inna.

"Ku zuba ma wannan ido," ya ce. "Ranar da kuka ga ta taka ƙafar nan, matar aboki ma ta taka tata. Kafin nan kada ta kuskura."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma mu ba mu tambayi ƙari ba.

Satin farko na kumburi ne da zazzaɓi. Ƙafar ta yi suntum, yatsun suka yi sheƙi, Inna ba ta son ko zane ya taɓa wurin. Yaya Lawal ya aiko da ƙafar sa aka yi ta farfesu, don kowa ya ce shi ke haɗa ƙashi. Baba Nomau ya dawo da sati ya zagayo, ya sassauta ɗaurin, ya nuna mani yadda zan riƙa shafa mai in mayar da karan. Ya ce ƙashi ya zauna daidai. Daga nan ba mu sake ganin shi ba. Mutanen daji masu bindiga suka matsa ma unguwarsu, 'yan unguwar suka kwashe 'yan komatsansu suka watse, wasu Kankara, wasu Funtua. Wayarsa kuma kullum a kashe.

Cikin wannan hali Goggo Hansai ta iso daga Damari. Ƙanwar Babanmu ce, mace mai kirki, amma Allah ya hore mata labarin masifa. Duk ciwon da ka ambata ta san wanda ya kashe. Ta ajiye ƙullin magungunanta, ta yi ma Inna sannu, sai idonta ya faɗa kan kazar tana kwance a bakin ƙofa.

"Innalillahi! Sa'ade, kazar ɗorin ce kuka yasar haka?"

Na ce to me za a yi mata?

Ta ce a Damari akwai wani mutum da muzuru ya ɗauke kazar ɗorinsa, har yau da sanda yake tafiya. Akwai wata kuma da shirwa ta sure tata, ita ba ta ma ga kaka ba. "Duk abin da ya sami kazar nan, yarinya, ya sami uwarki."

Ban ce na yarda ba, amma wa zai gwada da uwarsa? Muka kai kazar ɗakin Inna, ƙarshen gado, muka kifa mata kwando, muka ɗora dutse a kai. Goggo ta ce kazar ma marar lafiya ce, a kula da cimarta. Aka dinga tura mata gero da tsaki da ragowar tuwo, har romon farfesu ana jiƙa mata dusa da shi. Ni da nake ta aikin ban sami irin wannan gata ba.

Kowace safiya sai in ɗaga kwando, ni da Goggo mu tsuguna mu zuba ido. Kaza ta kalle mu da ido ɗaya, ta juya ta kalle mu da ɗayan, ta gyara kwanciya. Sai Goggo ta ce, "Ba ta taka ba." In mayar da kwando in ɗora dutse. Inna daga kan gado ta ce, "To, alƙali ya ɗage shari'a."

Yaya Lawal shi ne ya ce duk wannan camfi ne, malamai sun hana. Amma duk ranar da sabis ya samu zai kira.

"Sa'ade, ta taka?"

"Wa?"

"Kazar mana!"

Sai ya ji labarin kaza sannan ya tambayi jikin Inna.

Da kumburi ya saɓe, zafi ya tafi, sai jinyar ta koma wani abu daban. Inna ta ji sauƙi, kuma Inna mai sauƙi ta fi Inna mai ciwo wuyar riƙewa. Ta ce a zaunar da ita a tsakar gida ta sha iska, na ce a'a. Ta ce a kama ta ta je bayi kamar mutum, na kawo fo. Ta ce alwala take so da ruwa a bakin rariya, na kawo mata dutsen taimama. Masu sayen daddawa suka riƙa zuwa ta taga, tana ciniki daga kwance, har na ga tana yunƙurin tashi don ta duba ko an cika mudu, na hana su zuwa. Na ɗauke takalmanta na jefa saman katanga. Sandar marigayi Babanmu da ke bayan ƙofa na kai gidana.

Wata rana da hantsi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na dawo daga ɗakin girki da kwanon farfesu, sai na ga Inna a ƙasa. Ta sauko daga gado da kanta, tana jan gindi, ƙafar a miƙe gabanta, ta kusa kai bakin ƙofa.

"Inna! Ina za ki?"

"Makka."

"Haba Inna, don girman Allah!"

"Ruwa nake son gani, Sa'ade. Tun da damina ta kama jin shi nake a kan kwano, ban gan shi ba."

Na ajiye farfesun na fara faɗa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ƙafar wa ta karye?"

"Taki."

"In ta sake karyewa, ta wa za ta karye?"

"Taki, Inna. Amma wa zai sake kwasar fo? Wa zai sake barin mijinta da 'ya'yanta suna cin tuwon maƙwabta? Ƙafar taki ce, wahalar tamu ce duka."

Na san maganar ta yi mata zafi, amma har yau ban ce ƙarya na faɗa ba. Mai jinya ma mutum ne. Bayana ya ƙage don ɗagawa da kwantarwa, hannuna ya tsage don wanki, kuma in ta faɗi ni za a nuna a ce ina nake.

Ta daɗe tana kallon ruwan ta ƙasan labule. Can ta ce, "Mutanen daji sun raba mu da gonar nesa, mun haƙura, da bindiga suka zo. Ke kuma kin raba ni da tsakar gidana, da kwanon farfesu a hannunki."

Na kira Goggo muka ɗaga ta muka mayar gado.

Bayan wannan ne abubuwa suka fara lalacewa, a hankali, yadda ba ka lura sai sun taru. Cikinta ya ɗaure. Goggo ta jiƙa tsamiya, ta dafa filasko, ya saki ya sake ɗaurewa. Kwankwasonta ya yi ja, fatar ta fara ɗayewa, muka shafa man kaɗe muka yayyafa hoda. Tari ya zo, irin mai nauyi a ƙirji. Masu dubiya kowa da nasa: wannan ta ce hayaƙi, wancan ya aiko da rubutu, wata ta ja ni gefe ta ce in bincika ko hannu aka sa mata saboda kasuwarta. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi har kazar ta yi atishawa. Ƙafar da ba ta karye ba ita ma ta rame, ta koma kamar muciya. Kazar kuwa sai ƙiba take, kwandon ma ya fara yi mata kaɗan.

Abin da ya tada mani hankali ba tarin ba ne. Inna ta daina faɗa. In kawo fo, ta karɓa. In ce ta juya, ta juya. Maƙwabciya ta shigo da labari mai zafi, wai an kama ɗan wane da buhun takin wane, Inna ta ce, "Allah ya kyauta," ta juya ma bango fuska. Ranar na fita bayan ɗaki na yi kuka, na kira Yaya Lawal na ce ko ya yarda ko bai yarda ba gobe muna hanya.

Tafiya Kankara yanzu ba a yin ta da sammako. Sai rana ta ɗaga, motocin can sun fara isowa, an ji bakin direbobi cewa hanya lafiya. Muka shimfiɗa Inna a kujerar baya. Goggo ta ce ba za a bar kaza ita kaɗai a gida ba, wa ya san abin da zai shigo? Ta ɗaure bakin kwandon da ɗankwali ta rungume a cinya. Direba ya ce kwandon ma kujera ya ci, Goggo ta ce to ya tambayi kazar kuɗin. Kowane rami muka faɗa, Inna ta yi nishi, kaza ta yi kuka, Goggo ta ce, "Kun ji ko? Tare suke ji."

A wani asibiti cikin garin Yaya Lawal ya tarye mu. Mai zuwa asibiti ya tafi da haƙurinsa da abincinsa. Layin kati daban, layin ganin likita daban, hoton ƙashi kuma sai an jira wuta. Mutane daga ƙauyuka cike da baranda, wasu a tabarma, wasu a kan zanensu. Mun zo da hantsi, ba mu ga likita ba sai da la'asar ta gabato. Tsakanin mota da hoto da magani, akuyar Inna da ɗiyar akuyar suka tafi kasuwa. Amma ina gode ma wata nas da ta ga halin da muke ciki ta samo mamu keken marasa lafiya, ta kuma wanke ma Inna ciwon bayanta da hannunta ba ta yamutsa fuska ba. Allah ya saka mata.

Likitar mace ce, ba ta fi ƙanwata ba. Ta kwance karan, ta latsa ƙwaurin, ta ɗaga hoton sama ta duba.

"Ƙashi ya haɗe tuntuni," ta ce. "Wanda ya ɗora ya iya. Wa ya ce ta ci gaba da kwanciya?"

Muka kalli juna. Yaya Lawal ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Goggo ta ce, "Kaza ce ba ta taka ba, likita."

Sai da aka yi mata bayani tun daga farko. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa, ta ce mu yi haƙuri. Sannan ta daina dariyar ta ce, "Gadon nan da kuke ganin yana tsare ta, shi ke cin ta. Tarin nan da ciwon baya da ramar duk nasa ne. Daga gobe a tada ta tsaye, a ba ta sanda, kullum ta ƙara kaɗan."

Na ce, "In ta faɗi fa, likita?"

"Tana iya faɗuwa. In ta faɗi ku kawo ta. Amma in ba ta tashi ba, ba wai tana iya mutuwa a kwance ba ne, a kwancen za ta mutu."

Wannan magana har yau tana kunnena. Muka kwana gidan Yaya Lawal, washegari muka koma Sheme, ni ina ta murna. Na sa gora na zaƙulo takalmanta daga saman katanga, rana da ruwa sun gama da su. Na ɗauko sandar Baba na miƙa mata na ce, "Inna, bismillah. An sake ki."

Ta kalli sandar, ta kalli ƙasa. Ta ce, "Bari dai kazar ta taka."

Na ɗauka ba'a take. Ashe da gaske ne. Matar da ta ja gindi don ta ga ruwa, yanzu in na zaunar da ita bakin gado sai ta damƙe katifa, ta ce ƙasa ta yi nisa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce likita ta ce. Ta ce likita yarinya ce. Na ce ke ce fa kika ce ƙafarki ce. Ta ce, "Da na ce haka ina jin ta. Yanzu ban san ta wa ce ba." Tsoron da muka yi ta ɗura mata safe da yamma ya zauna, kuma ban san yadda ake fitar da shi ba. Kasuwar Sheme ta ci ta sake ci muna a haka, tarin yana ƙaruwa.

Allah ya taimake mu Yaya Lawal ya ci karo da Baba Nomau a kasuwar Kankara, yana zaune yana tufka igiya yana sayarwa. Ya ɗauko shi a bayan babur ya kawo. Tsohon ya rame, gudun hijira ba daɗi, amma bakin na nan. Ya duba ƙafar Inna ya ce ta warke. Sai ya ce, "Ina 'yar uwar ɗorin nata? Tana kiwo?"

Goggo ta ɗauke dutse da alfahari ta ɗaga kwando. Ga kaza nan ta cika wurin kamar agwagwa, tsinkayen ɗori na nan a ƙafarta, zaren ya nutse cikin nama.

Baba Nomau ya zauna a ƙasa. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa.

"Tun yaushe take nan ciki?"

"Tun bayan zuwanka na biyu, Baba," na ce. "Don kada muzuru ya ɗauke ta."

"Kai jama'a! To a ina za ta taka, a kan kanta? Wa ya ce ku rufe ta? Sakin ta ake yi ta nemi abincinta. In ƙafar na ciwo ta ɗage, in ta daina ta sauke, babu mai faɗa mata. Kun san abin da ya sa kakanninmu suka zaɓi kaza? Don ita ba ta da 'ya'yan da za su hana ta tashi."

Goggo ta ce, "In shirwa ta sure ta fa?"

"Sai shirwa ta ƙoshi. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya gurgunce don an ci kazarsa ba, amma na ga waɗanda kwanciya ta gurgunta."

Ya yanke zaren, ya ɗauki kazar ya dire ta a tsakar gida. Ta zauna daɓas inda ya ajiye ta. Ya ce kada wanda ya ba ta ko ƙwayar gero. Ya sa muka ɗauko Inna muka zaunar da ita a kujera bakin ƙofa, ya ce a naɗe labulen nan a daina sakin shi.

Ranar kaza ta wuni a zaune tana jiran a kawo. Goggo na zagaye ta da tsintsiya tana kallon sama. Washegari yunwa ta fara magana. An yi ruwa da asuba, gara ta fito a gindin zana, sauran kaji suka yi can suna wawaso. Wake-wake ta miƙa wuya. Ta yunƙura ta kife. Ta sake yunƙurawa, ta tafi tangal-tangal kamar mai jiri, ta faɗi a kan ƙirji, ta tashi, ta kutsa cikin 'yan uwanta har ta tsattsagi wani ɗan zakara. Goggo ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa Inna nake kallo, don na ji wani sauti da na daɗe ban ji ba. Dariya take.

"Dubi shegiya," ta ce. "Duk ƙibar nan ba ta hana ta kwaɗayi ba. Ba ni sandar nan."

Na miƙa mata, na kama hammatarta. Ta ce in sake ta. Baba Nomau, da ya kwana a zauren maƙwabta ya shigo duba mu, ya ce, "Ɗiyata, matsa baya. Sa hannunki a bayanki."

Na matsa. Inna ta dafa sanda ta miƙe, ƙafafun na kakkarwa. Ta taka ta dama, ta jawo ta hagu, ta sake takawa. Ta fita daga inuwar ɗaki rana ta taɓa fuskarta. Sai sandar ta zame a laka, ta tafi gaba ɗaya ta zauna daɓas cikin taɓo.

Na yi ihu na zabura. Ta ɗaga mani hannu. "Kada ki taɓa ni."

"Inna, ƙafar!"

"Ƙafar lafiya lau, ɗuwawu ne suka ji. Tsaya inda kike."

Na ɗauki fo, na wanke gyambo, na ɗaga ta na kwantar har bayana ya ƙage, amma a duk jinyar nan babu aikin da ya kai wannan tsayuwar wuya. Ina tsaye hannuna a baya, na damƙe ɗaya da ɗaya, hawaye na zuba, uwata na ta kokawa da laka a gabana. Ta juya ta durƙusa, ta lalubo sandar, ta kafa ta, ta zame, ta sake kafawa. Goggo ta rufe ido tana salati. Da Inna ta miƙe, zanenta duk taɓo, tana haki, ta dube ni ta ce, "To, kin ga na faɗi. Duniya ta tashi?"

Daga ranar kullum sai ta ƙara kaɗan. Tari ya tafi da magani da tafiya, bayan ya bushe, ciki ya saki, faɗa ya dawo har ya fi na da. Gwiwar dai ba ta lanƙwasuwa sosai, a zaune take sallah, kuma likita ta ce kwanciyar ce ta jawo, ba karayar ba. Wannan ya tsaya mani a rai. Kazar kuwa babur ya buge ta a bakin titi bayan kaka, aka yi sauri aka yanka. Goggo ta ji labari ta taso daga Damari hankali a tashe, ta tarar da Inna zaune tana gwaguyar cinyar.

Shawarata ga masu jinya: ku je a yi hoto da wuri, ku tambayi mai ɗori har ƙarshen maganarsa, kuma in tsoho ya daina yi maku gardama kada ku ce ya ji sauƙi. Ina godiya ga Baba Nomau, Allah ya mayar da su gidajensu lafiya, da likita da nas, da Yaya Lawal, da Goggo duk da komai.

Inna ta koma tallan daddawa, da sanda a hannu ɗaya. Ban yarda ba, ba a kuma tambaye ni ba. Ranar da ta fara fita na biyo ta har zaure ina lissafa mata ramuka da babura da santsin bakin rijiya. Ta saurare ni har na gama, ta gyara farantinta.

"Duk na ji, Sa'ade. In na faɗi za a aiko maki."

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ta tana ɗingishi har ta sha kwana. Gabana na faɗuwa, kuma har yau yana faɗuwa duk safiya. Ban bi ta ba.